Kiwon murjani a falo a Kano: ta ina ake farawa?

Tambaya: Na daɗe ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi a tankin gilashi a gidana a Kano. Yanzu raina ya biya da tankin ruwan gishiri mai murjani da kifayen teku. Abin zai yiwu a nan kuwa? Me zan saya, kuma me zan fara yi?

Amsa: Malam, zai yiwu. Sai dai shagon kifi shi ne wuri na ƙarshe da za ka je. Wutar lantarki da zafin ɗaki su ne za su yanke hukunci a kan wannan tankin, tun ba ka zuba masa ko kofi ɗaya na ruwa ba.

Ga dalili. Murjani dabba ce, duk da kamarsa da dutse ko fure. A cikin namansa akwai wasu ƙananan tsirai masu ƙwayar halitta ɗaya, su ke karɓar haske su sarrafa masa yawancin abincin da yake rayuwa a kai, kuma su ke ba shi wannan launin ƙasa-ƙasa da kore. Zaman nasu yana ɗorewa ne muddin ruwa bai canza hali ba. A teku zafi da gishiri ba sa tsalle daga safe zuwa yamma, don ruwan ya yi yawan da ba abin da ke girgiza shi da sauri. Tankinka kuwa, a ce, lita 200 ne kacal a cikin ɗaki. Murjani yana son zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 26. Idan ya haura 30 ya kwana biyu a can, sai ya kori waɗannan tsirai daga jikinsa, ya yi fari fat, daga nan yunwa ta ƙarasa shi. Kai ka san yadda Kano take a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke kaiwa 40 a inuwa. Tarwaɗa da karfasa za su jure, murjani ba zai jure ba.

Saboda haka kana buƙatar ɗaya daga cikin biyu: ko ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana a bazara, ko na'urar sanyaya ruwan tankin kansa, wadda ruwa ke bi ta cikinta ya dawo da sanyi. Ta biyun ta fi sauƙin cin wuta, amma kada ka kulle ta cikin kabad ɗin ƙarƙashin tanki, domin zafin da ta zare daga ruwa iska take mayar wa, in ba ta da wurin shan iska sai ta yi ta gasa kanta. Akwai wata dabara da ke yi wa mutanen Arewa aiki fiye da na Legas: ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa. Da yake iskarmu busasshiya ce, tururin da ke tashi yana rage digiri 2 zuwa 3. Taimako ce, ba ta isa ita kaɗai a tsakiyar bazara. Da hunturu kuma lamarin juyawa yake, dare ya yi sanyin da sai ka sa na'urar ɗumama ruwa. Ka haɗa ta da ma'aunin da zai yanke mata wuta in ta wuce iyaka, don irinsu sukan maƙale a kunne su dafa duk abin da ke ciki.

Sai maganar ɗauke wuta. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, kuma duk ruwan da ya yi ɗumi ƙara rasa ta yake. Da famfo ya tsaya, kifi da murjani da tarin bakteriyar da ke cikin duwatsu duk za su ci gaba da shaƙa, babu mai mayarwa. A tanki mai cika da dabbobi, sa'o'i kaɗan sun isa ka wayi gari ka tarar da gawarwaki, musamman da dare. Ka zauna da biro ka yi lissafi. Famfon da ke mayar da ruwa sama daga ƙaramin tankin da ake sawa a kabad, da ƙananan famfuna biyu masu kaɗa ruwa, da na'urar tsame ƙazanta, a tanki mai lita 200 za su ci kusan wat 60. A yini da kwana ya zama wat-awa 1,440. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma in na dalma ne rabi kawai ya kamata ka ja, wato 1,200. Ka ga ko kwana ɗaya bai cika ba, kuma ba mu sa fitila mai cin wat 100 da na'urar sanyaya ruwa a lissafin ba. Shawarata ita ce ka ware wa tankin layinsa na sola da inbata, ka sayi famfunan da ke aiki da wutar DC don sun fi tattali, sannan ka ajiye ƙaramin injin hura kumfa mai batir a kusa. Janareto yana ceto, amma sai da mutum a gida ya tayar da shi, kuma hayaƙinsa bai kamata ya shigo ɗakin ba. Murjani yana jure kwana biyu ko uku babu fitila. Motsin ruwa ne ba a sasantawa a kai.

In wannan ya zauna, sai ruwa. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse da na leda duk ba sa yi, komai kyansu a ido. Suna ɗauke da abubuwan da gansakuka ke ci, wani lokaci har da ɓurɓushin jan ƙarfe, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Abin da ake amfani da shi shi ne matatar RO, wadda ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata ta tace shi, mai ƙarin matakin DI a ƙarshe, wato garin da ke tsotse ragowar sinadarai, da ƙaramin ma'aunin TDS da ake tsomawa a ruwa don auna abin da ya narke a ciki. Ruwan da ya fito ya nuna sifili. Da ya fara nuna 1 ko 2, lokacin canza garin da ke cikin matakin ƙarshe ya yi. Wani abin da masu sayarwa ba sa faɗa: matatar tana son ƙarfin ruwa wajen bar 4 a ma'aunin matsi, alhali tankin da ke saman gida mai tsayin mita 6 bai fi ba da rabin bar ɗaya da ɗan wani abu ba. Dole ka haɗa mata famfon ƙara ƙarfi. Kuma kowace lita ɗaya mai kyau tana zubar da uku zuwa huɗu, sai ka tara wannan a yi wanki ko ban-ruwan shuka da shi.

Gishirin ma ba na miya ba ne. Haɗi ne na musamman da ke ɗauke da kalsiyam da magnesiyam da sauran sinadaran ruwan teku, irin na Tropic Marin ko Red Sea ko Instant Ocean. Ana zuba kusan giram 36 zuwa 38 a lita guda don a sami gishiri kashi 35 cikin dubu, wanda a ma'auni ke nuna 1.026. Gishiri ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gishiri ba, kuma a bokiti dabam ake haɗawa, famfo ya juya shi sa'o'i kafin ya shiga tanki. Ka sayi ma'aunin gishiri na leƙawa da ido, wanda ake ɗiga masa ruwa a kan gilashi, tare da ruwan gwaji mai 35 da za ka riƙa daidaita shi. Na roba mai allura mai lilo ƙarya ta yi masa yawa. Ka kuma san tun yanzu cewa cikon farko zai ci fiye da kilo 7, canjin ruwa na kashi 10 cikin ɗari kowane mako zai ci kusan kilo 3 a wata. Duk daga waje ake shigo da shi, don haka kada ka bari bokiti ya ƙare kafin ka yi odar wani. Gaɓar tekunmu ta Yammacin Afirka ba ta da manyan tsibiran murjani irin na Bahar Maliya, inda Sudan ke da Sanganeb da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Ruwan koguna da laka da sanyin da ke tasowa daga ƙasan teku sun hana. Ma'ana dabbobin ma daga nesa za su zo.

Kuskuren da ya fi yawa ga wanda ya fito daga kiwon ruwan daɗi shi ne cike gurbin ruwan da ya ƙafe da ruwan gishiri. Ka tuna miya a kan wuta: ruwa ke tashi, gishiri yana nan, shi ya sa take ƙara ɗaci. Abin da ya tafi da tururi, ruwan RO zalla ake mayarwa. Da fanka a lokacin rani, rasa lita 3 zuwa 5 a rana ba abin mamaki ba ne, kuma in ka bari sai bayan kwana uku ka juye gaba ɗaya, gishiri ya hau ya sauko kenan. Akwai ƙaramar na'ura mai idon lura da bakin ruwa, tana ɗiga ciko da kanta daga jarka. A wurina ta fi rabin kayan ƙawar da ake tallatawa amfani.

Girman tanki: tsakanin lita 150 da 250. Ƙarami ya fi araha amma ya fi saurin rikicewa, babba kuma kuɗin wuta da gishiri ke ninkawa. Lita 200 da duwatsu da gilashi da kabad za su kusan kilo 300, don haka ka zaɓi wurin da ba za a sake matsar da shi ba, ƙasa a miƙe, nesa da taga. Nan kuma sai ka zauna da uwargida, domin maganar ta shafe ta. Feshin maganin sauro da wanda ake kunnawa guba ne ga kifi da jatan lande, kuma tankin teku yana da na'urar da ke zuƙar iskar ɗaki tana cakuɗa ta da ruwa dare da rana. Turaren wuta da feshin ƙamshi su ma ta nan suke shiga. In falon nan ne ake turarawa kullum, ko dai tanki ya koma wani ɗaki, ko ka ja tiyon shan iskar na'urar zuwa waje ka sa masa gawayin tacewa. Hannun da ya shafa mai ko turare ba ya shiga ruwa sai an ɗauraye shi tas, ba da sabulu mai ƙamshi ba.

Yawancin masu kiwo suna sa ƙaramin tanki na biyu a cikin kabad. Ruwa na malalowa daga sama ya gangaro cikinsa, famfo ya mayar. A nan ake ɓoye kayan aiki. Tun ran gini ran zane: ranar da ka haɗa bututu, ka cika da ruwan famfo ka kashe wuta da hannunka ka tsaya ka gani. Ruwan da ke cikin bututu da wanda ke saman tanki zai sauko, dole tankin ƙasa ya sami wurin ɗaukarsa. Ka huda ɗan rami a bututun dawowa daidai ƙasan bakin ruwa don ya sha iska ya daina zuƙowa baya. Wanda ke Jamus sau ɗaya a shekara zai ga amfanin wannan, kai kuwa wataƙila sau uku a rana. Duk wayar wuta ka bar mata lanƙwasa ta sauka ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa, kuma ka sa makashin da ke yanke wuta in ta zurare. Ruwan gishiri da lantarki ba abokan wasa ba ne. Kada wani abu na tagulla ko jan ƙarfe ya taɓa ruwan, ko da kan famfo ne.

Tsarin da kusan kowa ke bi yau daga masu kiwo na birnin Berlin ya fito, a shekarun 1970 da 1980, kuma sunan Peter Wilkens ya fi fita a cikinsu: duwatsu masu ramuka, haske mai ƙarfi, da na'urar tsame ƙazanta da kumfa. Ita wannan na'ura tana kaɗa iska cikin ruwa, dattin da ya narke ya manne wa kumfa ya hau ya zube a kofi. In tana aiki daidai, bayan kwana uku za ka ciro kofin da ruwa baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta, da warin da zai sa yara su gudu. Duwatsun kuwa su ne ainihin matata. Ka sa kusan kilo ɗaya ga kowace lita 10, na asalin murjani busasshe ko na ƙira, ka jera su da koguna da sarari a baya don ruwa ya zaga. Yashin aragonayit santimita 2 zuwa 3 ya isa. Yashin rafi da marmara da dutsen gini ba sa shiga.

Daga nan sai haƙuri. Kashin kifi yana zama amoniya, wadda guba ce. Wasu bakteriya su mayar da ita naitirayit, wasu su mayar da wannan naitiret, mai sauƙin illa. Sabon tanki ba shi da su. Ka ɗiga amoniya ta kai ppm 2, wato miligiram 2 a kowace lita, ko ka jefa ɗan guntun jatan lande ya ruɓe, ka riƙa aunawa. Ranar da ka zuba amoniya ta ɓace tare da naitirayit cikin sa'o'i 24, tanki ya nuna. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, bakteriyar kwalba na rage kwanakin. Masu sa kifi mai rai don ya yi wannan aikin azabtar da shi kawai suke. Bayan haka tankin zai yi muni, kuma ina so ka ji wannan da kyau don kada ka karaya. Ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi, koren gashi ya biyo baya, wani lokaci da jan shimfiɗa mai yauƙi. Watanni ne na dole. Ka goge gilashi, ka canza ruwa, ka sa dodon koɗi irin Trochus su yi kiwo. Kada ka shiga zuba magunguna, kuma kada ka matse naitiret da fosfet har su koma sifili, domin a nan ne wata gansakuka mai yauƙi da kumfa, wadda ta fi duk sauran taurin kai, ke samun fili. Naitiret ppm 5 zuwa 10, fosfet ppm 0.03 zuwa 0.1, sun yi.

Motsin ruwa a cikin tanki ya kai ninki 20 na girmansa a awa ga murjani mai taushi, 40 ko fiye ga masu rassa, kuma ya zo daga ɓangarori biyu yana karo da juna, ba ya daki dabba kai tsaye ba. Fitilar LED ta murjani shuɗi ya fi yawa a cikinta, don a teku jan haske ne ke fara ɓacewa in an nutsa. Sa'o'i 8 zuwa 10 a rana. Ka fara da kashi 30 ko 40 na ƙarfinta ka riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni, domin fitilun yanzu sun fi ƙona murjani da yawan haske fiye da kashe shi da ƙaranci.

Murjani mai ƙashi yana gina jikinsa da kalsiyam da kabonet da yake zara daga ruwa. Abubuwa uku ake bi: alkaliniti, wato yawan kabonet da ke cikin ruwa, tsakanin 8 da 9 a ma'auninsa na dKH, kalsiyam wajen ppm 420, magnesiyam wajen ppm 1,300. Cikin ukun alkaliniti ne ya fi saurin sauka kuma ya fi saurin yin ɓarna, shi za ka fi aunawa, da kayan gwaji irin na Salifert ko Hanna. Tsayawarsa a wuri ɗaya ta fi lambar kanta muhimmanci, kada ya motsa fiye da 1 a rana. A shekarar farko, in masu taushi kake kiwo, canjin ruwan mako zai wadatar. Sai gwaji ya nuna raguwa kake fara ƙari, ko da ruwan farar ƙasa da ake ɗigawa a hankali, ko da haɗin kalsiyam da na kabonet a kwalabe dabam-dabam irin tsarin da Hans-Werner Balling ya bayyana a 1994. Ba a zuba biyun lokaci guda a wuri guda, sai su dunƙule su zama farin gari. Abin da ba ka da kayan aunawarsa, kada ka zuba shi.

Dabbobin fari su zama masu juriya. Kifin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamara, Amphiprion ocellaris, ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a tanki. Ka sayi ƙanana biyu, wanda ya fi ƙarfi zai girma ya zama mace da kansa. Ba sa buƙatar anemoni, dabbar nan mai kama da fure da suke fakewa cikinta a teku, kuma kada ka kawo ta kafin tanki ya shekara. Ka guji kifayen tang, suna son tsawon tankin da ya wuce naka, da kifin mandarin da ke mutuwa da yunwa a sabon tanki. Ka rufe saman da raga, kifayen teku da yawa masu tsalle ne. Kowane sabon kifi ya yi aƙalla mako 4 a wani ƙaramin tanki marar dutse. Cutar fararen ɗigo in ta shiga babban tanki ba za ka iya sa maganin jan ƙarfe ba, sai dai ka kwashe kifaye duka ka bar shi babu kifi har kwana 76, kamar yadda masu kiwo suka saba. Kifin da ya kwana biyu a leda daga Indonesiya ko Kenya zuwa Legas zuwa Kano kuma, kada ka buɗe ledar ka tsaya ɗiga masa ruwa na awa guda. Da iska ta shiga, amoniyar da ta taru a ciki za ta koma mai dafi. Ka daidaita zafi leda na rufe, ka sa gishirin tankin killacewa ya yi daidai da na ledar, ka ɗauke shi ka sa.

A murjani ka fara da masu taushi, irin masu kama da laimar kwaɗi da masu kama da fata, sannan masu manyan baki irin Euphyllia bayan wata shida. Acropora mai rassa ka bar shi sai ka ga alkaliniti ya zauna maka wata da watanni. Duk murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da tsiran daji tsakanin ƙasashe, ba a fitar da shi daga ƙasa sai da takarda, kuma Indonesiya ta taɓa dakatar da fitarwa daga 2018 zuwa farkon 2020. Ka tambayi mai sayarwa takardunsa, ka fifita guntayen da aka raino a gona ko a tankin wani.

Akwai wasu masu kama da ƙananan furanni, Palythoa da danginsu, da ake yawan ba sabon shiga don ba sa mutuwa da sauƙi. Wasunsu na ɗauke da dafi mai suna falitoksin, wanda ke cikin mafi ƙarfi da aka sani. A 2018 a yankin Oxfordshire na Ingila an kai iyali guda asibiti, har da ma'aikatan kashe gobarar da suka je ceto, bayan an goge duwatsun tanki a cikin gida. Ka sa safar hannu da tabarau in za ka taɓa su, kada ka kankare dutse a rufaffen ɗaki, kuma kada ka taɓa tafasa dutsen tanki ko zuba masa ruwan zafi. In da ƙananan yara a gidan, ni da zan zaɓa maka, ka bar wannan dangin gaba ɗaya, ka kuma sa wa kabad kwaɗo.

In tafiya ta kama ka, ka ƙulla abincin kowace rana a ƙullinsa dabam, ka ɓoye sauran gwangwanin, domin wanda ka bar wa amana tausayi zai sa ya ninka. Ka cika jarkar ruwan RO, ka manna tef a bakin da ruwan tankin ƙasa ya kamata ya tsaya, ka nuna masa makunnin famfo da inda injin kumfa mai batir yake.